Gidan da Ya Zama Majami'a: Tsohon Ɗakin Sujadar Baftis na Tewkesbury

Wani ɗalibi mai karatun zanen gine-gine ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga hoton wani gini a Ingila, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa tsohuwar majami'ar Baftis ce ta garin Tewkesbury, amma shi bai ga hasumiya ba, bai ga gicciye ba, bai ga wurin rataye ƙararrawa ba. Gida kawai ya gani na katako da farar ƙasa, a maƙale cikin wani lungu. Majami'un Baftis da ya sani a Kaduna da Zariya kuwa tun daga nesa ake gane su. Yana so ya san ko kuskure aka yi wajen rubutun, in kuma ba kuskure ba ne, me ya sa aka gina ta haka.

Ƙanena, idonka bai yaudare ka ba. Gida ka gani, domin gida aka gina. Babu maginin da ya taɓa zama ya zana wannan gini a matsayin wurin ibada. An kafa shi a ƙarshen ƙarni na 15 don iyali su zauna a ciki, fiye da shekara ɗari kafin a ji sunan Baftis a duniya. Daga baya ne wasu mutane suka shigo, suka riƙa sassaƙa shi kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da doka ta bar musu da abin da suka ba da gaskiya a kai. Saboda haka in kana so ka fahimce shi, kada ka tambayi salonsa. Tambayi abin da aka cire, da abin da aka ƙara, da lokacin da aka yi kowanne.

Mu fara da garin, don shi ne ya fara yanke wa ginin hukunci. Tewkesbury tana yankin Gloucestershire a yammacin Ingila, daidai inda kogin Avon yake zuba a cikin kogin Severn. Ruwa ya kewaye garin ta kusan ko'ina, kuma ambaliya ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Ta 2007 ta mai da tsakiyar garin tsibiri. Tun da babu filin da za a faɗaɗa, sai mutanen dā suka riƙa gini a bayan gidajensu. Filayen gidajen bakin titi kuwa sirara ne masu tsawo, fuskar ƴar kaɗan, jikin ya miƙe can baya. Mai gida sai ya buɗe wata ƴar hanya ta gefen gidansa, ya jera ƙananan gidaje a bayansa ya ba da haya. Haka lunguna suka cika garin, kuma har yau akwai kusan talatin da suka rage. Wanda ya taɓa bin lungunan cikin birnin Kano a ƙafa zai gane yanayin nan take. Majami'ar da kake tambaya tana cikin ɗaya daga cikin waɗannan lunguna, wanda yake fita kan titin Church Street.

Da ka fito daga lungun, abin da zai tare maka ido shi ne babbar majami'ar garin, wadda aka keɓe a 1121, da ƙatuwar hasumiyarta ta dutse. Majami'ar wani gidan sufaye ce a dā, don haka lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen sufaye, mutanen garin suka haɗa fam 453 suka saye ta don kada a rusa. Ranar da na je, na daɗe a tsaye a bakin lungun ina duban wannan ina duban wancan. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Ɗaya tana shelar kanta ga duk wanda ya doso garin daga mil da yawa, ɗayar kuwa sai ka wuce ƙofar lungunta sau biyu ba ka lura ba. Duk amsar tambayarka tana cikin wannan ɗan tsakani.

Yanzu ga gidan kansa. Irin ginin da ake yi a wannan yanki a wancan zamani, kafinta ne babba, ba mai ɗora dutse ba. Ana sare itacen ok, wanda yake a wurinsu kamar yadda ƙirya take a wurinmu wajen ƙarfi da daɗewa, a sassaƙa shi tun yana ɗanye, don in ya bushe sai ya gagari gizago. Kafinta yakan haɗa ƙashin gidan gaba ɗaya a ƙasa a filin aikinsa, ya fafe rami a jikin wannan gungume, ya fiƙe harshe a bakin wancan, ya gwada su su shiga juna, sa'an nan ya yi wa kowace mahaɗa alama da kurfi don kada a rikita. Sai a wargaza, a kwaso zuwa wurin gini, a tayar. Ba ƙusar ƙarfe ke riƙe mahaɗun ba, ƴan turakun katako ne ake bugawa su ratsa. Yayin da itacen yake bushewa yana murɗewa, sai mahaɗun su ƙara damƙe juna. Shi ya sa za ka ga ginshiƙan sun ɗan karkace, amma gidan yana nan tsaye bayan shekara ɗari biyar. Ratar da ke tsakanin katakan kuma a kan saƙa ta da tsumagu kamar asabari, a yaɓe da laka da aka kwaɓa da ciyawa da kashin shanu, a bi da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓin ƙasar yaɓe da tattaka a ƙauye ya san aikin. In ka tsaya dab da bangon za ka ga kawunan turakun nan sun ɗan leƙo daga jikin katako, kowanne kamar kan babban yatsa.

Tsawon gidan kashi uku ne, wato jerin ginshiƙai huɗu da suka raba shi daki-daki. A tsarin gidajen wancan lokaci, kashin tsakiya shi ne babban ɗaki, buɗe tun daga daɓe har rufi, da murhu a tsakiya, hayaƙi yana tashi yana neman hanyarsa ta cikin rufin. Gefe da gefe kuma akwai ɗakuna ƙasa da sama. Mai nazarin tsofaffin gidajen Ingila abin da yake fara yi shi ne ya leƙa cikin rufi da tocila: in ya ga kunkunniya ta baƙanta katakan sama, ya san an taɓa hura wuta a tsakar ɗakin kafin a san bututun hayaƙi. Ka riƙe wannan tsari a ranka, babban fili a tsakiya da bene a gefe biyu, domin shi ne ya sa gidan ya dace da abin da ya zama daga baya.

Su wane ne suka shigo? Ɗariƙar Baftis ta faro ne a 1609 a Amstadam, cikin wasu Ingilishi da suka gudu Holan saboda sun ƙi bin Cocin Ingila. John Smyth ne jagoransu. Abokinsa Thomas Helwys ya komo Landan wajen 1612 ya kafa ikilisiya ta farko a ƙasar Ingila, aka kama shi, ya mutu a kurkuku. Abin da ya raba su da sauran shi ne sun ce ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Sun kuma ce ikilisiya ita ce taron waɗanda suka yi wannan furuci, sarki ba shi da iko a kan lamirin mutum. Ka lura da wannan magana ta biyu, domin a wurinsu kalmar ikilisiya mutane take nufi. Ginin kuwa ɗakin taro kawai suke kiransa, ba su ɗauke shi wuri mai tsarki ba.

Za ka ga wasu suna rubuta 1623 a matsayin shekarar da Baftis suka fara taro a wannan gida. Ina ba ka shawara ka yi hattara da wannan lamba in za ka sa ta a aikinka. A 1626 ikilisiyoyin Baftis na Ingila sun rubuta wa ƴan'uwansu na Holan wasiƙa, kuma biyar ne: Landan, Lincoln, Salisbury, Coventry da Tiverton. Babu Tewkesbury a ciki. Inda ƙafarka za ta taka ƙasa mai tauri shi ne 1655, shekarar da ikilisiyoyi bakwai na tsakiyar Ingila suka haɗa ƙungiya, Tewkesbury tana ɗaya daga cikinsu, tare da irin su Warwick da Alcester da Hook Norton. Wannan zamanin Cromwell ne, lokacin da babu sarki a kan gado kuma ƴan ɗariƙu suka ɗan sami sararin numfashi.

Sararin bai daɗe ba. Da sarauta ta dawo a 1660, majalisa ta jero dokoki. Ta 1664 ta haramta duk taron ibada da ba na Cocin Ingila ba in ya kai mutum biyar ban da mutanen gidan. Wanda aka kama karo na uku ana iya kora shi ƙetaren teku shekara bakwai. Ta 1665 ta hana limaman da aka tsige saboda sun ƙi bin tsarin Cocin Ingila zuwa kusa da gari da ƙasa da mil biyar. Ta 1670 ita ce ta fi shafar gini kai tsaye: wanda ya halarci taro tarar sule biyar, mai wa'azi fam 20, in ya sake fam 40, mai gidan da aka taru a ciki shi ma fam 20. Kashi ɗaya cikin uku na tarar kuma na wanda ya kai tsegumi ne. Fam 20 a lokacin ya fi abin da lebura yake samu a shekara. Ka sa kanka a matsayin mai saƙar safa ko mai ƴar tireda a Tewkesbury a 1670. Maƙwabcinka yana da riba in ya tona ka. Wane irin gini za ka so ka yi sujada a ciki? Wanda ba shi da wata alama ko kaɗan, a ƙarshen lungu, inda mutum biyu-biyu za su shige kamar masu zuwa gaisuwa. Abin da ka gani a hoto ka ɗauka rashi ne, a wurinsu shi ne garkuwa.

A 1689 aka yi dokar sassauci. Ta ba Baftis da sauran ƴan ɗariƙun Furotesta izinin taro, bisa sharuɗɗa. Biyu daga ciki sun shafi gini: dole a yi rajistar ɗakin taron a wurin bishop ko a kotun yanki, kuma ba a yarda a kulle ƙofa ko a sa sakata ba muddin ana taro. Daga nan ne aka fara gina ɗakunan taro a fili, aka kuma fara gyara gidajen da ake ɓuya a ciki. Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kuma tsoron nasu ba na banza ba ne, domin a 1710 da 1715 ƴan tarzoma sun farfasa ɗakunan taro a Landan da garuruwa da dama, sun fito da kujeru da mumbari sun ƙona a titi. Shi ya sa ko waɗanda aka gina sababbi bayan dokar ba su ɗaga kai ba. Na Winslow, wanda aka gina a 1695, ɗan ƙaramin ɗakin jan bulo ne a bayan gidaje kusa da kasuwa. Na Monksthorpe a Lincolnshire, na 1701, a tsakiyar gonaki yake, in ka hango shi sai ka ce rumbun manomi ne. Na Loughwood a Devon kuwa, wanda sunansa ya bayyana a rubuce tun 1653, an cusa shi ne a jikin tudu cikin daji, da rufin jinka.

Babban gyaran da ya mai da gidan Tewkesbury majami'a sosai an yi shi ne wajen 1720, kuma nan ne nake so mu daɗe, don nan ne aƙida ta koma katako da bulo.

Majami'ar gargajiya ta Turai doguwa ce, tana fuskantar gabas, bagade, wato teburin da liman yake hidima a kansa, yana can ƙurya, jama'a suna jere a baya suna hangen liman daga nesa. Abin da ake zuwa dominsa yana faruwa ne a kan bagade, don haka ginin yake jan ido zuwa can. Baftis kuwa abin da ya tara su shi ne karatun Littafi Mai Tsarki da wa'azi, wa'azin da kan kai awa ɗaya ko fiye. Bukatarsu ita ce kowa ya ji, kowa ya ga bakin mai magana. Sai suka juya ɗakin. Maimakon su sa mumbari a ƙarshen tsawon, suka manna shi a tsakiyar dogon bango. Yi lissafin da kanka: a ɗaki mai tsawon mita goma sha biyu da faɗin shida, in mai wa'azi ya tsaya a ƙurya, na baya yana nesa da shi mita goma sha biyu, in ya tsaya a tsakiyar dogon bango, babu wanda ya kai mita tara. A zamanin da babu lasifika, wannan bambanci shi ne tsakanin ji da rashin ji. Kuma jama'a sai su zama sun kewaye shi ta gefe uku, suna ganin fuskokin juna, wanda ya dace da mutanen da suke ɗaukar kansu iyali guda.

Sa'an nan tagogi. Aka yanke bangon aka buɗe dogaye a dama da hagun mumbari. Gilashinsu fari ne, babu launi, babu hoton waliyyi, domin aikinsu shi ne su zubo haske a kan littafin da ke gaban mai wa'azi da waɗanda ke hannun jama'a. A hoton da ka gani, waɗannan dogayen tagogi su kaɗai ne suke tona asirin ginin daga waje. Tsayinsu ya ratsa inda daɓen bene ya kamata ya kasance a gidan zama, kuma mai ido ya san ba a yi wa ɗakin kwana irin wannan taga. Duk lokacin da ka ga taga ta ƙetare layin bene a tsohon gida, to an buɗe cikin ya zama fili ɗaya.

Benen da ke gefe kuma ya zama baranda ta ciki, mai dogari a gaba, inda ƙarin mutane za su zauna suna leƙo mumbari daga sama. Nan ne tsohon tsarin gidan ya yi musu rana. Ƙaramin fili ya ɗauki jama'a da yawa ba tare da an ƙara ko taku ɗaya a waje ba, wanda a cikin lungu ba shi ma yiwuwa. Tun da akwai masu zama a sama, dole mumbari ya tashi, a hau shi da matakala, yadda mai wa'azi zai kasance tsakanin na ƙasa da na sama. Mutane sukan ɗauka tsayin mumbarin irin waɗannan ɗakuna girman kai ne na malamai. Lissafin gani da ji ne. A sama kuma aka rufe katakan rufin da silin mai lanƙwasa kamar baka, aka shafe da farar ƙasa, wanda yake maido da murya ƙasa ya kuma ƙara haske. A irin waɗannan baranda ne mawaƙa suka riƙa zama daga baya. Ko waƙar ma sai da aka kai ruwa rana a kanta: Benjamin Keach, wanda aka taɓa ɗaure shi a gungumen kunyatarwa a kasuwar Winslow a 1664, shi ne ya dage a kan a riƙa rera waƙoƙin yabo a taro, har ikilisiyarsa ta Landan ta rabe a kan batun a shekarun 1690.

Abin da ya fi taɓa ni a ginin yana ƙarƙashin ƙafa. A gaban mumbari, in an ɗaga allunan daɓe, sai ga rami da aka gina da jan bulo, da ƴan matakala masu sauka ciki. Wannan shi ne kwamin baftisma. Na durƙusa a bakinsa na daɗe ina dubawa. Ba shi da ado ko ɗaya, bulo ne kawai da sanyin ƙasa yana tasowa daga ciki. Tsawonsa daidai yadda za a kwantar da babban mutum a tashe shi. Baftis na farko zuba ruwa suke yi a ka. Wajen 1641 ne suka koma nutsarwa gaba ɗaya, kuma bayanin bangaskiyar da ikilisiyoyin Landan suka fitar a 1644 ya tabbatar da haka, bisa fahimtar cewa shiga ruwa da fitowa hoton binnewa ne da tashi. Da farko a koguna da tafkuna ake yi, sau da yawa da duhu don gudun ƴan kallo masu jifa da ihu. Ka tuna kuma sanyin Ingila, inda ruwan kogi kan daskare. Shigo da ruwan cikin ɗaki ya magance tsangwama, ya rage wahala. A Monksthorpe kwamin yana waje a fili, a Loughwood yana ƙarƙashin daɓe gaban mumbari, ruwan wani marmaro na kusa ne yake cika shi, kuma akwai ƴan ɗakuna biyu masu murhu a baya inda masu zuwa daga nesa suke hutawa su ci abinci tsakanin sujadar safe da ta yamma.

Ka dubi yadda abubuwan suka jeru a irin wannan ɗaki. Mumbari a sama. Teburin Jibin Ubangiji a gindinsa, tebur na katako irin na cin abinci, ba bagaden dutse ba. Ruwa a ƙarƙashin daɓe. Abubuwa uku da ɗariƙar ta tsaya a kansu, a kan layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Ban san wani babban mai zane da ya faɗi aƙidar mutanensa a taƙaice kamar yadda waɗannan kafintocin gari suka faɗe ta ba, kuma ina ganin duk ɗalibin gini ya kamata ya zana wannan yanki da hannunsa ko sau ɗaya.

In ka bi lungun har ƙarshe za ka fita a wata ƴar maƙabarta mai kallon reshen kogin Avon. Ita ma doka ce ta haife ta. Littafin addu'ar Cocin Ingila ya hana a karanta addu'ar jana'iza a kan wanda ba a yi wa baftisma ba, ƴaƴan Baftis kuwa ba a yi musu sai sun girma. Iyayen da yaronsu ya rasu sai su ga an binne shi shiru ba addu'a. Kuma har zuwa 1880 limamin ɗariƙa ba shi da izinin yin jana'iza a maƙabartar cocin gwamnati. Don haka kowace ikilisiya take neman ɗan filinta, komai ƙanƙantarsa.

A 1805 jama'ar suka yi yawa, tsoro kuma ya ragu, suka gina sabuwar majami'a a titin Barton Street. Tsohon ginin aka yanyanka gefensa aka mai da gidajen haya, aka bar tsakiya. Wato gida ya zama majami'a, majami'a ta koma rabin gida. Abin da ya faru a Tewkesbury ya faru a ƙasar baki ɗaya: a 1828 aka soke dokokin da suka hana ƴan ɗariƙu riƙe muƙaman gwamnati, masu kuɗi suka yawaita a cikinsu, gine-ginensu suka fito bakin titi. Ta Bloomsbury a Landan, ta 1848, har da hasumiya biyu aka yi mata. A 1861 Charles Spurgeon ya buɗe tasa a kudancin Landan, mai ɗaukar mutum wajen 5,000, da manyan ginshiƙai shida irin na Girka a gaba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wannan ya kawo mu ga majami'un da ka sani a gida. Ba daga lungunan Ingila suka zo ba. Baftis ta shigo Nijeriya ne ta hannun Amurkawa, lokacin da Thomas Jefferson Bowen ya sauka a Badagiri a 1850, ya yi aiki a Ijaye, ya kai Ogbomosho a 1855. A Amurka kuwa Baftis sun daɗe da fitowa fili: tun 1775 ikilisiyar Providence, wadda Roger Williams ya kafa a 1638, ta gina majami'a mai hasumiya ƙafa 185, an ɗauko fasalin hasumiyar daga wani zane na James Gibbs, mai zanen majami'un Cocin Ingila. Daga ƙasar Yarbawa ne fatake da ma'aikatan jirgin ƙasa suka hau da ɗariƙar zuwa Arewa bayan dogo ya isa Kano a 1911. Abin da suka gada shi ne majami'a mai fuskantar titi, doguwa, mumbari a ƙurya, kwamin baftisma sau da yawa a bayan mumbari inda kowa zai gani. Amma in ka shiga ka duba da kyau, za ka tarar mumbari ne a tsakiya, tebur a gindinsa, ruwa a kusa. Jerin nan uku bai canza ba.

Saura maganar gyaran zamani, wadda nake da ra'ayi a kanta. A shekarun 1970 hukumar garin Tewkesbury ta karɓi ginin bayan ya lalace, ta cire bangayen gidajen hayar, ta maido da shi kamannin da ake jin yana da su a 1720. Yau yana cikin jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare, kuma wani gidan tarihi na garin ne yake kula da shi. Ina gode wa waɗanda suka yi aikin, don ba don su ba da yanzu sai dai labari. Amma dole in faɗa maka abin da aka biya. Iyalai sun zauna a waɗannan ɗakuna fiye da shekara ɗari, sun yi girki, sun haihu, sun yi makoki, kuma wannan ma tarihin ginin ne. Da aka zaɓi shekara ɗaya aka ce ita ce fuskarsa ta gaskiya, an share nasu sawun. Abin da kake gani yau, wani ɓangarensa na 1720 ne, wani kuma fahimtar masu gyaran 1970 ce game da 1720. Mu ma mun san irin wannan zaɓi mai wuya: masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, a shekarun 1970 ɗin nan aka lulluɓe shi da sabon gini, bakunan cikinsa suka tsira, fuskarsa ta waje ta tafi. Da ni aka tambaya a Tewkesbury, da na roƙa a bar ko da murhu ɗaya da guntun bango ɗaya na gidajen hayar, a bar mai ziyara ya ga duka rayuwar ginin uku.

In aikin makaranta za ka yi a kansa, ga yadda zan so ka yi. Zana shimfiɗar ginin sau huɗu a takarda mai shara-shara: gidan ƙarni na 15, majami'ar 1720, gidajen hayar bayan 1805, da yadda yake yau. Ɗora su a kan juna ka ɗaga wa haske. Layukan da suka faɗa a kan juna a duka huɗun su ne ginshiƙan kafintan farko. Sa'an nan ka yanka ginin a tsaye ta tsakiyar mumbari, ka sa mutum ɗaya a kan mumbari, ɗaya a baranda, ɗaya a kan benci a ƙasa, ka ja layi daga idon kowannensu zuwa bakin mai wa'azi, ka auna tsawon kowane layi. Kada ka manta da ramin da ke ƙarƙashin daɓe. Ɗalibai da yawa sukan tsayar da zanensu a kan layin ƙasa.